Kwandon 'ya'yan itatuwa na roba: ya isa a koyar da darasin abinci a ajin nazare?

Duk inda ake sayar da kayan wasan yara, daga kasuwar Sabon Gari a Kano har shagunan intanet, ba a rasa wannan kwando. A ciki akwai 'ya'yan itatuwa da kayan lambu na roba, kowanne an raba shi gida biyu an haɗe da manne, ga wuƙar roba, ga ɗan katakon yanka. Masu makarantun nazare sun mayar da shi kayan koyarwa, kuma da zarar manhaja ta kawo kan abinci da lafiyar jiki shi ake fara ɗaukowa. Yawancin kwandunan daga Chaina suke zuwa, kuma sau da yawa babu tsayayyen sunan kamfani a jikin kwalin: yau wannan suna, gobe wancan, kayan ciki iri ɗaya. Don haka wannan bitar ba ta wani kamfani ba ce, ta samfurin ce baki ɗaya, wato saiti mai guda 20 zuwa 40 na roba marar nauyi.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne, a matsayin kayan wasa ya ci kuɗinsa. A matsayin kayan koyar da abinci ga ɗan Bahaushe kuwa, rabin aiki yake yi, kuma rabin da ya bari shi ne mai muhimmanci.

Bari a fara da inda ya burge. Mannen da ke tsakiya irin na takalmin yara ne, mai kama juna kamar ƙarangiya a ƙafar wando. Ɗan shekara 3 zai dafe kankana da hagu, ya danna wuƙa da dama, ya cije leɓe, sai manne ya yi ƙara ya rabu, jan cikin kankana da baƙaƙen 'ya'yanta su bayyana. Zai mayar ya sake, ya mayar ya sake, har sau goma bai gaji ba. Wannan maimaicin yana ƙarfafa yatsu da wuyan hannu, irin ƙarfin da zai buƙata ranar da za a ba shi fensir. A nan ne kuma Anti, wato malamar ajin, take samun kalmomi a sauƙaƙe: ɓawo, ciki, waje, ƙwallo, rabi, guda, ja, kore, ruwan ɗorawa. Neman ɗaya rabin ayaba a cikin tarin kaya shi ma darasin daidaitawa ne. Babu jini, babu ƙuda, babu abin da zai ruɓe kafin Juma'a.

Matsalar tana fitowa ne idan aka ce a koyar da me ya kamata yaro ya ci. Ga gwajin da kowace malama za ta iya yi kafin yara su shigo. Ma'aikatan lafiya a Najeriya suna amfani da tsarin abinci mai tauraro huɗu, wanda ke cikin katunan ba da shawara kan ciyar da jarirai da ƙananan yara da UNICEF ta tsara. Tauraro ɗaya na hatsi da saiwoyi ne, ɗaya na dangin wake da gyaɗa da riɗi, ɗaya na ganye da 'ya'yan itatuwa, ɗaya na abin da ya fito daga dabba. A ajiye faifai huɗu a kan tabarma, a juye kwandon, a rarraba. Faifan ganye da 'ya'yan itatuwa zai cika har ya zube. Faifan hatsi zai samu masara ɗaya tilo, wataƙila da dankalin Turawa ko yankan burodi. Faifan dabba, in saitin babba ne, zai samu ƙwai da kifi. Faifan wake da gyaɗa kuwa wayam, sai in an yi sa'a da kwanson koren wake guda. Babu gero, babu dawa, babu wake, babu kuka, babu zogale, babu nono. Abin da yaron ya ci jiya da daddare, da wanda zai tarar in ya koma gida, ko ɗaya ba ya cikin kwandon.

Ko a faifan da ya cika ɗin ma akwai magana. Tuffa, inabi, sitiroberi da burokoli su ne sarakan saitin. Ana noma sitiroberi a Filato, amma yaron Gumel ko Maraɗi zai iya gama firamare bai taɓa riƙe shi ba. Akwai wani ɗan itace mai siffar gora da Turawa ke ci, wanda malamai kan kira fiya, alhali fiyar da yaro ya sani a kasuwa wata aba ce daban mai maiƙo da babban ƙwallo. Dogon gauta mai launin shunayya bai yi kama da yalon da ake tallansa a faranti ba. Lemon roba launinsa ya nuna jawur, namu kuwa ko ya nuna sau da yawa ɓawonsa kore-kore yake zama, domin sanyin dare ne ke sa ɓawon lemo ya juye launi, mu kuma ba kullum muke da shi ba. Yaron da aka koya wa launin lemo daga roba zai iya cewa na gidansu ɗanye ne.

Illar ta wuce ruɗanin suna. Idan kullum abin da ake ɗagawa a aji a ce "wannan yana ƙara lafiya" tuffa ne da inabi, yaro yana ɗaukar cewa abinci mai kyau na masu kuɗi ne, na gidansu kuma maneji ne. Alhali gwaibar da ake zubarwa kashi-kashi a bakin titi ta ninka lemo kusan sau 4 a bitamin C, ta ninka tuffa fiye da sau 40. Abincin da ke ba da bitamin A, wanda ƙarancinsa ke kawo dundumi da saurin kamuwa da cuta, su ne mangwaro, gwanda, kabewa, karas, manja, dankalin Hausa mai jan ciki, da ganye masu duhun kore irin zogale, alayyafo da rama. A duk waɗannan, karas kaɗai ake da tabbacin samu a kwandon.

Wasu saitin kuma suna zuwa da kek, askirim, fiza da donat. Waɗannan a cire su tun ranar farko a sa a durowa. Ba don haramun ba ne, sai don duk inda suke hankalin yara can yake tafiya, rigima ta kaure a kan askirim guda ɗaya, karas yana gefe ba mai kallonsa.

Haka allon bangon nan na rukunonin abinci shida da ake yawan saya tare da kwandon. Rabe-raben sinadarai ne, ba na abinci ba. Ɗan shekara 4 zai haddace su ya rera da ƙarfi ranar bikin yaye ɗalibai, iyaye su tafa, amma ba ya ganin wani sinadari a cikin kwanonsa. Abin da yake gani tuwo ne da miya. Wannan allo a bar wa 'yan aji huɗu na firamare.

To, yaya za a cike giɓin? Abin da ake buƙata bai wuce abin da ke cikin kicin ba. A samu ƙananan gorunan ruwa masu haske guda 10 zuwa 12, a wanke, a bar su su bushe sarai, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa hatsi ya yi funfuna cikin mako guda. A zuba kashi ɗaya cikin uku na kowace gora: gero, dawa, shinkafa, wake, gurjiya, waken suya, gyaɗa, riɗi, garin kuka, busasshen zogale, busasshiyar kuɓewa. Wake da gurjiya da hatsin a ɗan soya su sama-sama a busasshen kasko, a bar su su huce kafin a zuba. In ba a yi haka ba, ƙwayayen ƙwaron da ke jikin waken za su ƙyanƙyashe a cikin gorar, kafin tsakiyar zango a ga gari a ƙasa da ƙwari suna yawo. A shafa gam a bakin murfi, a ɗaure tam, a naɗe da salatif. Kada a taɓa ba 'yan ƙasa da shekara 5 tsabar wake ko gyaɗa a hannu don wasa. Hanci da kunne suke nufa da ita, kuma wake in ya sha damshin hanci kumbura yake yi. Goran da aka rufe kuwa yaro zai girgiza, ya ji ƙarar gero daban da ta wake, ya gani da idonsa.

Dafaffen abinci kuma a ƙera shi. Malmalar tuwo, ƙosai, awara, dunƙulen fura, waina, duk ana yin su da yumɓu ko da jiƙaƙƙiyar takarda da aka kwaɓa da sitaci, a shanya kwana 3, a shafa fenti na ruwa wanda aka rubuta ba shi da guba. Kowane guda ya fi ƙwan kaza girma.

Da waɗannan a hannu, ga yadda darasi ɗaya zai tafi. Minti 12 zuwa 15 ya ishi 'yan shekara 3 da 4, 'yan shekara 5 su kai 20. Yara suna zaune a da'ira, faifai huɗu a tsakiya, kowanne da tauraron kwali a liƙe a bakinsa. Anti ta ɗauko 'yar tsana ta ce, "Yara, ƙanwarmu tana jin yunwa, wa zai haɗa mata abincin rana?" Yaro na farko ya ɗauko malmalar tuwo ya sa a kwano: tauraro ɗaya, mai ba da ƙarfin gudu. Na biyu ya kawo gorar kuka: taurari biyu, mai kare mu daga ciwo. Na uku wake, na huɗu kifin roba, masu sa girma. Sai a ƙirga tare da yatsu. Washegari a canza kwano. Fura da nono taurari biyu ne. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli biyu ne. Shinkafa da wake biyu ne, in aka yanka tumatir da kabeji aka ɗora rabin ƙwai sun zama huɗu. Ɗanwake ya fi kowa daɗin misali, domin a cikin ƙullinsa akwai garin wake, garin rogo ko fulawa, da kuka, ƙwai kawai ya rage. A nan ne wuƙar roba take samun aikin gaske: yaro ya yanka tumatir da ƙwai ya ɗora a kan ɗanwaken yumɓu.

An zaɓi 'yar tsana ne da gangan. Tambayar da malamai suka fi so, "Me ka ci da safe?", tana da haɗari a aji mai haɗa ɗan mai hali da ɗan marar hali. Akwai wanda zai ce shayi da ƙwai, akwai wanda ɗumame ya ci, akwai wanda bai karya ba. Haka buɗe kwanon abincin yaro a gaban 'yan'uwansa a ƙirga masa taurari. Ba shi ya je kasuwa ba, ba shi ya dafa ba, kunyar kawai zai kwasa. Magana kan abin da ake zuba wa yaro da iyaye ake yinta, a keɓe. Kalmar "abinci marar kyau" ita ma a guje ta. A ce "na kullum" da "na wani lokaci".

Sai maganar yawa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare, kuma kowa ya san azuzuwa da yawa sun zarce haka. Saiti ɗaya mai guda 30 ba ya ɗaukar fiye da yara 5 a lokaci guda, wuƙa kuma ɗaya ce tak, wani lokaci biyu. Duk wanda ya juye kwandon a gaban yara 25 ya sayi kuka. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba aji rukuni biyar, kowane rukuni ya samu kusurwar yanka rana ɗaya a mako na minti 10, sauran suna zane ko waƙa. Ƙarin wuƙaƙe ba sai an saya ba, ƙaramar rula ta roba ko faffaɗan tsinken katako irin wanda ake danne harshe da shi a asibiti yana raba mannen daidai.

Babu robar da za ta maye gurbin ɗanɗano. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yara suna ƙyamar sabon abinci, kuma sau da yawa sai an gabatar musu da abu sau 8 zuwa 15 kafin su karɓe shi. Saboda haka sau ɗaya a mako a kawo abu na gaske, a ajiye shi kusa da na roba, su taɓa, su shinshina, su ɗanɗana. Gwanda matsakaiciya guda ɗaya ta ishi yara 25, domin loma ɗaya ake nufi, ba ƙoshi ba. A bi yanayi, shi ya fi araha: zangon farko lokacin kaka ne, ga kabewa da sabon wake da dankali, zango na biyu kayan noman rani sun cika kasuwa, karas da tumatir da kabeji, zango na uku mangwaro, sannan ganyen damina. Kowa ya wanke hannu da sabulu a ruwa mai zuba daga buta na daƙiƙa 20, ba a kwano ɗaya da kowa ke tsomawa ba. A yanka a lokacin da za a ci. Yankakken ɗan itace kada ya wuce awa 2 a waje, in ana zafin bazara awa 1. Ɗanyen karas a goge shi ko a dafa ya yi laushi ga 'yan ƙasa da shekara 4, inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu, dabino a cire ƙwallo, tsabar gyaɗa kuwa babu ita sam. Tun ranar rajista a tambayi iyaye ko akwai abin da jikin yaro ba ya karɓa, musamman gyaɗa, ƙwai, madara da kifi. Wanda ya ƙi ci a ƙyale shi, kada a yi masa alkawarin alawa, domin hakan koya masa yake yi cewa gwanda wahala ce, alawa ce lada.

Mu koma kan ingancin kayan, don nan ne araha ba ta ado. Abu na farko da ke lalacewa mannen ne. Gam ɗin da ke riƙe shi yana narkewa da zafi, musamman a aji mai rufin kwano ba silin, ko in an bar kwandon a rana. Da zarar ɗan faifan mannen ya ɓanɓare ya zama abin haɗiya. Ma'aunin da ake amfani da shi a Turai da Amurka shi ne, duk abin da ya shige cikin bututu mai faɗin milimita 31.7 bai dace da 'yan ƙasa da shekara 3 ba. A aji, kwalin tsakiyar tishu ya isa gwaji: abin da ya wuce ta cikinsa a ɗauke. Rabin sitiroberi, rabin tafarnuwa da ƙananan inabi sukan faɗi wannan gwajin tun suna sababbi. A ajin da ake haɗa 'yan reno da 'yan nazare, wannan ba abin wasa ba ne. Mannen da ya ɓalle za a iya mayar da shi da gam irin na masu gyaran takalmi, a bar shi kwana ɗaya a iska warin ya fita. In ya sake ɓallewa a jefar da gudan duka.

Ɓangaren mannen mai ƙaiƙayi kuma yana tattara zaren tabarma, gashi da ƙurar hunturu har ya daina kamawa. Tsohon buroshin haƙori yana fitar da su. A riƙa adana kowane guda a haɗe da ɗan'uwansa, a rubuta adadinsu a jikin murfi, a ƙirga bayan kowane darasi.

Wanki ma yana da tarko. Yawancin gudajen holoƙo ne, da ɗan ƙaramin rami a gindi ko a jikin haɗin. In aka jiƙa su a baho ruwa ya shige ya kwanta. Bayan sati biyu a matsa ayaba, sai baƙin ruwa mai warin funfuna ya tsarto, kuma wannan ayabar ce ke shiga bakin yara. Gara a goge da tsumma da ruwan sabulu, sannan a sake gogewa da ruwan bilic: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 ne, a bar shi a jiki minti 2, a shanya a inuwa ramin yana kallon ƙasa. Haɗin bilic ɗin sabo ake yi kullum, yana rasa ƙarfi in ya kwana. Duk gudan da aka gani a bakin yaro a ware shi nan take sai an wanke.

Akwai na katako, sun fi tsada nesa ba kusa ba, sun fi ƙarko, ba su da ramin da ruwa zai shiga. Amma masu haɗuwa da maganaɗisu a yi hattara da su. In katakon ya tsage maganaɗisun ya fito, yaro ya haɗiyi guda biyu, suna iya kama juna ta bangon hanji su huda shi. Na katako mai manne ya fi kwanciyar hankali. Abin da ke ciki dai bai canza ba, tuffa ce da inabi.

Makarantar da ke da aji ɗaya ko biyu, saiti ɗaya matsakaici ya ishe ta, sauran kuɗin su tafi kan goruna, sabulu da ɗanɗanon mako. A wurin saye a sa mai shago ya buɗe kwalin. A shinshina: wari mai hawa kai alama ce ta roba marar kyau. A bi layin haɗin da babban yatsa a ji ko yana da kaifi. A matsa gudan, in ya lotsa bai dawo ba, ba zai kai ƙarshen zango ba. A goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jiki, launi in ya fito a ajiye, waɗanda launinsu a cikin robar yake sun fi waɗanda aka fesa wa fenti. A sa farce a gefen mannen a ɗan ja. Tambarin CE da ke jikin kwali kada ya ruɗi kowa, a mafi yawan kayan wasa kamfanin ne da kansa yake bugawa. Alamar da ta fi amfani ita ce jan da'irar nan mai fuskar jariri da 0-3 an ja layi a kai, tana nufin ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne. A zaɓi saitin da ke da ƙwai, kifi, masara, karas, tumatir, ayaba da kankana, ko da adadinsa bai kai na kusa da shi ba.